Yadda Dakta Nicanor Ya Buɗe Bincikensa ga Jama'a

A duk tsangayarmu ta kiwon dabbobi babu wanda ya kai Dakta Nicanor Poma yarda da kansa. In an yi ruwa, shi ya faɗa tun jiya. In ba a yi ba, shi ya ce kada a yi shuka. Kompadre ɗina ne, ni na riƙe 'yarsa ta fari ranar baftisma, saboda haka ba ni da wurin gudu; duk abin da ya ƙulla, a kunnena yake fara saukewa. Kuma gaskiya ina son mutumin. Ba shi da mugunta ko kaɗan, kansa ne dai ya yi masa yawa.

Shekarar da nake ba ku labari, wata mujalla ta ƙasar waje ta karɓi maƙalarsa a kan kiwon kuy, ɓeran Masar ɗin nan da kowace uwa a tudunmu take kiwo a gefen murhu. Da ƙungiyar matan ƙauyen Ullpamayo ya yi aikin. Ya zaɓi iyaye mata masu kyau, ya maƙala musu lamba a kunne, ya yi ta ba su wani haɗin abinci nasa yana ɗora su a sikeli, har suka yi ɓul-ɓul. Kashi na biyu na aikin shi ne a bar iyayen nan su hayayyafa, a ga ko 'ya'yan za su gaji ƙibar. Asusun da ke ɗaukar nauyinsa daga Lima, babban birnin ƙasarmu, ya kafa sharaɗi guda: kafin wata ya ƙare, a saka maƙalar a rumbun bincike na jami'a, a buɗe, yadda kowa zai karanta a intanet kyauta. In ba a yi ba, babu kashi na biyu, kuma matan Ullpamayo da suka gina sababbin akurkai saboda maganarsa sun yi wahalar banza.

Wannan abu ne da kowannenmu yake gamawa kafin kofinsa ya huce. Ka shiga shafin, ka ɗora rubutun, ka danna, ka wuce aji. Balle shi, da shi ne shugaban kwamitin rumbun, kuma shi ya rubuta dokokinsa da hannunsa, yana yawan faɗa mana cewa ko a Lima ba su da masu tsaurin nasa.

Amma da ya shigo ɗakin malamai ranar da saƙon ya zo, sai ya tsaya a tsakiya ya gyara wuyan riga.

"Ni ba zan jefa aikin shekaru cikin rumbu kamar mai zubar da ɓawon dankali ba," in ji shi. "Biki za a yi. A Ullpamayo, a gaban jama'a, da 'yan badujala. Wakilin asusun zai zo daga Lima ya gani da idonsa. Da wannan yatsan zan buɗe shi."

Dakta Zenaida Orihuela tana gefe tana duba jarrabawa. Ita ce mataimakiyarsa a kwamitin, ita ma a kan kuy take bincike, kuma tun suna ɗalibai ba su taɓa yarda da juna a kan ko ƙarfe nawa ne ba.

"Ka saka kawai, Dakta," ta ce ba ta ɗago ba. "Ni tawa ina jiran ruwan shayi ya tafasa na saka."

"Shi ya sa ba wanda ya karanta, Dakta."

"Taka kuma 'yan badujala ne za su karanta?"

"Masu ilimi za su karanta. Ke dai ki zo da littafin rubutu."

"Zan zo da ciki. Na ji an ce za a yi gashi."

Da muka fita ya ja ni bayan ɗakin gwaji, ya waiga hagu da dama.

"Ka ga matar nan, Fidencio? Haɗin abincina take farauta. In na saka yau a buɗe, gobe ta kwafe, jibi ta ce kakarta ce ta koya mata. Zan saka, amma zan datsa masa kwaɗo. Rumbu ya yarda mutum ya kulle aikinsa zuwa wata rana. Ranar biki in cire."

"Kuma yaushe ne bikin, kompadre?"

"Ranar ƙarshen wata."

"Ranar da wa'adin zai cika? In wani abu ya faru fa?"

"Me zai faru? Ni na gina rumbun nan."

Kashegari ya kira ni ofishinsa in zama shaida. Ya hana ni taɓa komai, ya ce in zauna in ga yadda ƙwararru suke yi. Ya ɗauko kwafin da mujallar ta tsara, mai tambari da layuka biyu-biyu, ya ɗora, ya jingina da kujera. Rumbu ya dawo masa da shi nan take, da jan rubutu: wannan kwafin mallakar mujalla ne, abin da ake karɓa shi ne rubutun marubuci na ƙarshe da mujalla ta amince da shi.

"Wane marar aikin yi ne ya kafa wannan doka?"

"Kai ne, kompadre. Har ka ce a manna ta a ƙofar laburare."

"To doka ce mai kyau. Na'urar ce ba ta san mutane ba."

Sai aka shiga neman rubutun ƙarshe. Duk wanda ya taɓa leƙa kwamfutar malamin jami'a ya san abin da muka tarar. Akwai "na ƙarshe", akwai "na ƙarshe na gaske", akwai "na ƙarshe kada a taɓa", akwai "na ƙarshe bayan gyara", akwai wani kuma "wannan ne wallahi". Na ce ya buɗe ya duba. Ya ce shi ya haife su, ya san kowanne ta suna. Ya zaɓi "wannan ne wallahi" ya ɗora, cikin zumuɗi ya manta da kwaɗon, muka tafi cin abinci.

Kafin yamma ɗalibai sun fara gaishe shi a baranda da wata gaisuwa daban.

"Barka da yamma, Dakta. Yaya furen lambun zuciyarka?"

Ashe jawabin da ya karanta a bikin cikar 'yarsa shekara goma sha biyar ya ɗora, wanda ya yi kuka a tsakiyarsa. Cikin yini ɗaya an sauke shi fiye da duk wata maƙala da tsangayarmu ta taɓa sakawa. Zenaida ta tare shi a matakala.

"Na karanta bincikenka, Dakta. Ya taɓa ni ƙwarai. Sai dai ban ga inda kuy ya shigo ba."

"Gwaji nake yi," in ji shi. "Ina so in ga su wa ke leƙen aikina. Yanzu na gani."

Aka sauke jawabin. Rubutun gaske kuwa a cikin tsofaffin saƙonninsa muka tono shi. Wannan karon bai manta da kwaɗo ba. Da akwatin ya tambaye shi ranar buɗewa, sai ya kare fuskar kwamfutar da kafaɗarsa kamar ɗan makarantar da ke tsoron a kwafi amsarsa, ya rubuta, ya danna.

"Wace rana ka sa?"

"Ba ruwanka. Ko wace ce ma, ni zan cire kafin ta zo."

Daga nan sai hidimar biki. Ya gayyaci wakilin asusun, sannan ya ga bai kamata wakili ya zo babu magajin gari ba, magajin gari kuma ba ya tafiya babu muƙarrabansa, kuma ina za a yi taro a ƙauye ba a gaya wa fadan coci ba. Ɗalibai suka ji akwai nama, suka cika bas. Muka je Ullpamayo a tsohuwar motarsa don mu ga shugabar matan, Doña Melchora, tsohuwa ce gajeriya mai kitso biyu har gadon baya, wadda ko magajin gari sai ya cire hula yake yi mata magana.

"Dakta, wannan runduna da ka tara, me za su ci?"

"Pachamanca, mamita," in ji shi, wato uwa, kamar yadda muke kiran tsofaffinmu. "A haƙa rami, a gasa duwatsu, a zuba dankali da wake da kuy."

"Kuy na wa?"

A daidai lokacin shugaban 'yan badujala ya kira shi a waya yana cewa mai babban ƙaho ba zai zo ba sai an aiko masa da mota. Nicanor yana faɗa da waya a kunne ɗaya, yana amsa wa tsohuwa da hannu.

"Ku yanka masu ƙiba. Baƙon Lima ya ga aikin ilimi a cikin faranti."

"Masu ƙibar duka, Dakta?"

"Mamita, ni ba na maimaita magana."

Sai kuma matsalar intanet. A dandalin ƙauye waya ba ta kamawa ko kaɗan. Nicanor ya ɗaga wayarsa sama ya yi ta zagaye, yara da karnuka na biye da shi, ya bi ta bayan coci, ya tsallaka rafi, ya hau tudu yana haki. Wuri ɗaya tak ta kama, a jikin katangar maƙabarta.

"Nan za a yi," in ji shi.

Fada ya ce ba a taɓa yi ba. Nicanor ya ce shi ya sa tarihi zai tuna. Aka kafa rumfa don hoton majigi ya fito, aka rataya babban zanen gadon matarsa, Doña Hortensia, a jikin katanga, ba tare da an tambaye ta ba. Wani dattijo da ke wucewa da jakinsa ya tsaya ya daɗe yana kallo.

"Buɗe binciken aka zo yi, ko binne shi?"

"Ka zo ranar, papay," in ji Nicanor, wato baba, "za ka ga abin da ba ka taɓa gani ba."

"Ai kuwa zan zo."

Ranar ta zo, gari ya yi kyau, ƙauye ya fito kaf. Wakilin asusun, wani siririn mutum mai suna Don Wilfredo, ya iso kansa na sarawa saboda tsayin tudu. Aka ɗura masa shayin ganyen koka, aka zaunar da shi a kujera mai hannu. Maganarsa ta farko ita ce yana so ya kama motar yamma, don haka in ya ga maƙalar a buɗe a wayarsa, aikinsa ya ƙare. Nicanor ya ce sai an ci abinci, domin ilimi ba ya shiga cikin da ba kowa. Aka buɗe rami, ƙamshi ya tashi, aka jera kuy gasassu manya-manya a kan ganye. Don Wilfredo da ya ce ba zai iya cin komai ba ya tashi da biyu, ya ce tunda yake bai taɓa ganin masu maiƙo haka ba. Nicanor ya kalli Zenaida ya ɗaga gira. Ita kuwa hannunta na cikin faranti, ta cika alkawarinta.

Kafin ya hau kan akwatin da aka ajiye masa, ya je ya yi wa 'yan badujala kashedi: kada wanda ya busa komai sai sun ga ya ɗaga hannu biyu sama. Sannan ya karɓi lasifika. Ya fara daga yarintarsa. Ya bi ta kan malaman da ba su gane shi da wuri ba, ya tsaya a kan wasu abokan aiki da bai ambaci suna ba amma ya kalle su, ya yi bayanin cewa ilimin da aka ɓoye wa jama'a sata ne, kuma shi a rayuwarsa bai taɓa ɓoye komai ba. Don Wilfredo ya duba agogo sau biyu.

"Jama'ar Ullpamayo," in ji Nicanor daga ƙarshe, "ga abinku."

Ya ɗaga yatsa, ya juya shi kowa ya gani, ya sauke a kan kwamfuta.

A jikin zanen gadon sai ga hoton kwaɗo, ƙato, rawaya. A ƙarƙashinsa an rubuta cewa marubuci ba ya cire kullen aikinsa da kansa, kuma wannan aikin zai buɗe ga jama'a a ranar kaza ga watan kaza. Wani ɗalibi ya karanta shekarar da ƙarfi, ya sake karantawa don ya ɗauka idonsa ne. Shekara arba'in da wani abu nan gaba.

Doña Hortensia ce ta fara magana daga layin gaba, ta sa tabarau ta cire.

"Nicanor, ai wannan ranar haihuwarka ce. Ranar da za ka cika shekara ɗari."

"Cewa ya yi in sa rana, na sa wadda ba zan manta ba."

"Ta aurenmu fa, da kake mantawa duk shekara? Kuma wancan zanen gadona ne?"

Ya sake dannawa. Kwaɗo. Ya danna da babban yatsa. Kwaɗo. Ya ce intanet ne, ya sa ɗalibi ya hau katangar maƙabarta da waya a hannu. Kwaɗon ya ƙara fitowa tas.

Na matsa kusa da shi na rage murya. "Kompadre, doka ce. Ka sa ta ne bara, ka ce don kada wani ya zama shugaba wata rana ya riƙa yi wa kansa alfarma."

"Ai don Zenaida na sa."

"Na ji sunana," in ji Zenaida tana goge hannu.

Don Wilfredo ya miƙe. "Dakta, ni abin da aka aiko ni in gani ɗaya ne. In rana ta faɗi yana kulle, haka zan rubuta. Ba wanda zai iya buɗewa?"

"Shugaban kwamiti," in ji Zenaida, "in ba aikinsa ba ne. In nasa ne, mataimakiya. Ni ke nan."

"To ki buɗe mana, Dakta."

"Da so samu ne. Amma dokar ta ce mataimakiya ba ta taɓa komai muddin shugaba yana raye, yana da lafiya, kuma yana cikin lardin. Ni kuwa ina girmama dokar Dakta Nicanor. Ko a Lima ba su da irinta."

Dattijon nan mai jaki ya zo kamar yadda ya yi alkawari. Ya nuna katanga da sandarsa.

"In ta farkon ce, Dakta, ga wuri nan kusa. Ba sai an nemi mota ba."

Dariya ta ɓarke har fada ya sunkuyar da kai yana tari. Nicanor ya ce zai bar lardin. Aka tuna masa iyakar lardin tana bayan duwatsu biyu, kuma motarsa ba ta hawa tudu sai an tura. Ya zagaya bayan katanga ya ce a ɗauka ya tafi. Zenaida ta ce tana hango hularsa.

Ya dawo, ya tsaya, ya dafe ƙirji. Sannan a hankali, yana duba inda ba ƙura, ya kwanta a kan ciyawa.

"Ba ni da lafiya," in ji shi daga ƙasa. "Zuciya ce. Ki buɗe, Dakta."

"Allah ya sawwaƙe. Wa zai shaida? Dokar ta ce sai da shaidar mai magani."

Ma'aikaciyar asibitin ƙauyen ta tafi gari ranar. Nicanor ya buɗe ido ɗaya ya hango Doña Melchora, wadda duk yankin nan in ciwo ya gagara wurinta ake zuwa.

"Ga mai magani nan. Dokar ba ta ce wane iri ba. Mamita, zo ki duba ni."

Tsohuwa ba ta yi musu ba. Ta aika aka kawo kuy mai rai daga gidanta, ta durƙusa, ta yi addu'arta, ta shafa masa shi tun daga goshi har tafin ƙafa kamar yadda ake yi, don dabbar ta ɗauko abin da ke jikinsa. Nicanor yana nishi yana ƙarawa, musamman in an zo wajen ƙirji. Ɗalibai sun kewaye suna ɗaukar hoto. Da ta gama aka feɗe kuy ɗin a kan faranti, ta sa yatsa ta duba cikinsa a tsanake, jama'a na leƙe.

"Zuciya lafiya lau," ta ce. "Huhu lafiya. Hanta kamar ta yaro. Ciki ne kawai ya cika da yawa. Tashi, Dakta, ba abin da ke damunka."

"Ki sake dubawa, mamita."

"Ni ma ba na maimaita magana."

Don Wilfredo ya ɗauki jakarsa. A nan ne na ga fuskokin matan ƙungiyar sun canza, dariyar ta ɗauke. Su suka ɗebo dutse da laka a bayansu suka gina akurkan nan, kuma ga wanda zai sa hannu yana shirin tafiya. Na durƙusa kusa da kompadre na gaya masa abin da ya riga ya sani: hanya ɗaya ta rage, kujerar ta zama babu kowa a kai.

Sannan ya tashi, ya kaɗe wando, ya karɓi lasifika.

"Ni, Dakta Nicanor Poma, bisa raɗin kaina, kuma bisa shirin da na daɗe ina yi na ba wa na baya dama, na sauka daga shugabancin kwamitin rumbu."

Da ya faɗa sai abin ya taɓa shi, ya ɗaga hannu biyu sama yana kallon Ubangiji. 'Yan badujala da suka gaji da jira suka ga alama. Suka saki kiɗan nasara da dukan ƙarfinsu, mai babban ƙaho har jijiyar wuyansa ta fito, wani ya harba tartsatsin wuta sama, karnuka suka ɗauka. Nicanor yana ta yi musu hannu su tsaya, su kuma suka ɗauka cewa yake a ƙara.

Da ƙyar aka yi shiru. Zenaida ta zauna gaban kwamfuta ta shigar da kalmar sirrinta. Akwatin ya tambaya ko mai buɗewa ta karanta aikin, domin ita ma doka ce. Nicanor ya yi wuf ya tare.

"A'a. Ba za ta karanta kafin jama'a ba. Saboda ita na kulle."

"Ka huta, Dakta. Na karanta tun bara, har sau biyu. Mujallar ni ta aiko wa in duba mata."

Ya buɗe baki. "Ke ce kika rubuta cewa jadawali na uku ba shi da kai ba shi da gindi?"

"Ka kuwa gyara, ya yi kyau. Haɗin abincin ma ba laifi."

Ta danna. Kwaɗon ya ɓace, maƙalar ta bayyana a jikin zanen gado, da sunansa a sama da manyan baƙaƙe. Don Wilfredo ya sauke ta a wayarsa, ya duba farko ya duba ƙarshe, ya ce sharaɗi ya cika, kashi na biyu ya tabbata. Mata suka yi tafi, wasu har da share ido. Nicanor ya farfaɗo nan take kamar an yi wa shuka ban-ruwa. Ya riƙa karɓar hannu yana cewa duk wannan ya tsara shi ne don jama'a su ga yadda rumbun yake da tsaro.

"Abu ɗaya ya rage," in ji Don Wilfredo. "Ina so in ɗauki hoton iyayen da za su hayayyafa, don rahotona. Sai in kama mota."

"Da sauƙi. Mamita, a kai baƙo ya ga iyayen."

"Waɗanne iyaye, Dakta?"

"Masu lamba a kunne mana."

"Ai su kuka ci."

Don Wilfredo ya kalli hannunsa, wanda har yanzu yake ƙyallin maiƙo.

"Ka ce a yanka masu ƙiba," in ji Doña Melchora. "Na tambaye ka duka, ka ce ba ka maimaita magana. Duk ƙauyen nan su wa suka fi su ƙiba? Na ɓoye guda a gidana, raina bai ba ni ba. Ita ce kuma ta duba lafiyarka ɗazu."

Ba wanda ya yi dariya wannan karon, sai Zenaida da ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Nicanor ya juya ga tsohuwa.

"Babu ko ɗaya mai lamba?"

"Akwai biyu. Sun shige bayan murhu, ba mu same su ba sai da aka rufe rami."

"To kun ji," in ji shi, ya juya ga jama'a muryarsa ta dawo. "Biyu sun isa. Wanda ya san kiwo, da biyu yake cika ƙauye. Ku ba ni wata shida kawai."

"Duka maza ne, Dakta. Waɗanda ka ajiye don barbara."

Ta aika aka kawo su a kwando, ta ɗora masa a hannu da kanta, ta gyara masa riƙon kamar mai miƙa jariri.

"Ka tafi da su jami'a. In ilimi ya sa sun haihu, ka kawo mana 'ya'yan. In bai sa ba, ana cin kasuwar dabbobi ranar Lahadi, kuma akurkanmu suna nan babu komai a ciki. Za mu jira ka a bakin hanya, dukanmu."

Don Wilfredo ya ɗauki hoton kwandon, tunda shi ya samu, ya gangara neman mota. Doña Hortensia ta cire zanen gadonta ta naɗe, ta karɓi makullin mota ta tafi da Zenaida. Ni da kompadre muka biyo tudu a ƙafa, shi da kwando, ni da kwamfuta. Sai wajen rafi ya tsaya, ya ɗaga murfin ya leƙa mazajen nan biyu suna tauna ciyawa hankali kwance.

"Fidencio," in ji shi, "ranar Lahadi motarka tana nan?"